NDUME BA SHI NE MATSALAR APC BA, 'YAN AMSHIN SHATA NE

Rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda ba shi da lokaci ya bari sai dare, amma don Allah kada mutum ya karanta layi biyu ya sauko ƙasa yana zagina.

Tun kwanakin Babbar Sallah ta 2025 nake ganin yadda wasu 'yan'uwanmu suka sa Sanata Ali Ndume a gaba. Wannan ya ce maci amana ne, wancan ya ce ɗan anti-fati ne, wani ya ce haushin kujerar da aka ƙwace masa ne bai sake shi ba. Har da masu cewa in ya isa ya fita daga jam'iyyar mana. To mene ne laifin nasa?

Ranar 22 ga Mayu, 2025, APC ta kira taron ƙoli a fadar shugaban ƙasa, wai za a duba abin da aka yi a shekara biyu. Ana cikin taro sai Gwamna Hope Uzodimma na Imo ya miƙe a madadin gwamnonin jam'iyyar su 22 ya ce sun tsayar da Shugaba Tinubu ɗan takara tilo a 2027. Gwamna Uba Sani na Kaduna ya mara masa baya. Shugabannin Majalisa suka bi, shugaban jam'iyya Dakta Ganduje ya rufe. Aka yi tafi, aka watse. Ndume ya fito a tashar Channels ya ce shi da ya ga taro ya rikiɗe ya koma na tazarce, tashi ya yi ya fice. Ya tuna musu cewa Jonathan ma gwamnoni sun yi masa irin wannan mubaya'a, kuma ya sha ƙasa a 2015. Ya ce talaka na cikin wahala, tsaro ya taɓarɓare, kuma ba gwamnoni ne ke cika akwati ba.

Shi ke nan fa. Wannan ita ce cin amanar.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da katin kowace jam'iyya, ban taɓa ganin Ndume ido da ido ba, kuma tsakanin Birniwa da Gwoza tafiya ce mai nisa. Akwai abokan arziki da suka kira ni suka ce, "Malam, ka bar maganar nan, kai da kake cin albashi." Na gode da kulawa. Amma albashin nan shi ne dalilin da ya sa zan yi magana, domin ni na san ranar da yake ƙarewa a wata. Kuma ban zagi kowa ba, ba kuma zan zaga ba.

Mu fara da doka. Dokar Zaɓe ta 2022 da ke aiki a lokacin, sashe na 84, ta ba jam'iyya hanya uku ta fid da ɗan takara: ko 'yar tinƙe, kowane ɗan jam'iyya ya zaɓa da kansa, ko ta hanyar daliget, ko maslaha. Ita maslahar ma doka ta ce sai duk wanda aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye da yardarsa. Babu inda doka ta ce manya su taru a ɗakin sanyi, a ce masu goyon baya su ce "eh", shi ke nan an gama. Za a ce mini ai ba zaɓen fid da gwani aka yi ba, goyon baya ne kawai, za a yi zaɓen in lokacinsa ya zo. Haba jama'a! Bayan gwamnoni 22 da shugaban jam'iyya da shugabannin Majalisa sun ce mutum ɗaya ne, wane mai ƙarar kwana ne zai je ya sayi fom? An yanka rago an soye, sannan a ce za a zauna shawara kan ko za a yanka. Zaɓen da za a yi nan gaba biki ne kawai, an kashe shi tun saura kusan shekara biyu.

Wani zai ce ai ko'ina a duniya shugaba mai ci shi ake ba tikiti. Gaskiya ne, galibi haka ne. Amma ku dubi abin da ya faru a Amurka a 2024. Manyan jam'iyyar Democrat sun san Joe Biden ya tsufa, sun san jama'a na gunaguni, amma duk wani mai nauyi a cikinsu ya ƙi fitowa ya kara da shi, duk wanda ya yi magana a ce yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Sai da aka yi muhawara ranar 27 ga Yuni, 2024, duniya ta ga abin da ake ɓoyewa. Ya janye ranar 21 ga Yuli, lokaci ya ƙure, suka faɗi a Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin zaɓen fid da gwani ke nan: jam'iyya ta ji ciwonta a cikin gida kafin ta ji shi a bainar jama'a.

Ba ma sai mun je Amurka ba. A 1998 jam'iyyu biyar ne suka tsayar da Janar Abacha shi kaɗai. Yau wa ke iya lissafo sunayensu? A 2014 PDP ta ce Jonathan ne kaɗai, har aka yi ta rigima kan cewa fom ɗaya aka buga. Mu mutanen Jigawa ba labari aka ba mu ba. Gwamna mai ci a lokacin, Alhaji Sule Lamido, ɗan PDP ne, kuma ko maƙiyinsa ya san ya yi aiki a jihar nan. Amma ranar 28 ga Maris, 2015, Buhari ya samu ƙuri'a sama da dubu 880 a Jigawa, Jonathan ya tashi da dubu 140 da 'yan kai. Ina ƙarfin gwamna ya tafi a ranar? Tsoffin da suka fito daga Diginsa da Kazura da Karanka suka yi layi cikin rana, akwai wanda ya tambayi gwamna kafin ya dangwala? To wannan tarihin Ndume ya tuna wa jam'iyyarsa. Wanda ya amfana da faɗuwar PDP ta wannan hanya, shi ne yau yake bin sawunta taku bayan taku, kuma wanda ya ce "ku kula da ramin nan" shi ne maƙiyi.

Kuma ba yau ya fara ba. Ku tuna 2022, ana tsakiyar rububin fid da gwani. Da shugaban jam'iyya na lokacin, Sanata Abdullahi Adamu, ya fara nuna cewa ba a tsayar da maganar karɓa-karɓa ba, Ndume na cikin 'yan Arewa na farko da suka fito suka ce barin mulki a Arewa bayan shekara takwas ɗin Buhari rashin adalci ne da saɓa alkawari. A lokacin ma an zage shi, an ce ya sayar da Arewa. Ranar 6 ga Yuni, Adamu ya sanar da Sanata Ahmad Lawan, maƙwabcinmu na Gashuwa, a matsayin ɗan takarar maslaha. Gwamnonin Arewa na APC suka ce ba su yarda ba, mulki ya koma Kudu. Gwamnanmu na lokacin, Alhaji Badaru, wanda shi ma ya sayi fom, ya hau mumbari a dandalin Eagle Square ya janye wa Tinubu. Da aka ƙirga, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Da a ce a 2022 an bi ƙa'idar da 'yan amshin Shata ke so a bi yau, wato shugaban jam'iyya ya faɗa kowa ya yi shiru, da Tinubu bai zama ɗan takara ba. Tawaye ga ɗauki-ɗora shi ya ba shi tikiti. Wanda ya hau ta tsani, bai kamata ya zama shi ne mai janye tsanin ba.

Na san abin da za a ce: ai Ndume shi ne daraktan yaƙin neman zaɓen Amaechi a lokacin, don haka maganar Kudu da yake yi tallar hajarsa ce. Na yarda yana da buƙata. Wane ɗan siyasa ne ba shi da ita? Gwamnonin da suka yi mubaya'a ranar 22 ga Mayu, don Allah suka yi? Mai neman tazarce yana so a bar masa tikitinsa, mai ƙarewa yana hangen Majalisar Dattawa ko minista, wani kuma yana tsoron a buɗe masa fayil. In buƙata ce ke ɓata magana, to tasu ta fi ɓaci. Abin tambaya shi ne: abin da ya faɗa gaskiya ne ko ƙarya? In mai sayar da laima ya ce maka hadari ya haɗo, kai dai ɗaga kai ka dubi gabas.

Bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai game da wancan zaɓe na 2022. Fom naira miliyan 100. Daliget uku daga kowace ƙaramar hukuma. Wato duk faɗin Birniwa, mutum uku ne suka je Abuja da sunanmu, kuma ina ƙalubalantar mai karatu ya faɗi ranar da aka tara shi aka tambaye shi wa yake so su zaɓa. A daidai lokacin, fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace tun 28 ga Maris suna daji. Kwana biyu kafin taron aka yi wa masu ibada kisan gilla a coci a Owo. Jami'o'i na rufe tun 14 ga Fabrairu. Amma hirar da ake yi a majalisun shayi ita ce nawa daliget ya samu, dala ce ko naira. Aka fid da ɗan takara ba tare da an tsare shi an ce, "Malam, yaya za ka yi da tsaro? Yaya za ka yi da tallafin mai, kuma me za ka tanadar wa talaka kafin ka cire?" Ranar 29 ga Mayu, 2023 muka ji amsar a jimla ɗaya. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Tambayar da ba a yi a zaɓen fid da gwani ba, a gidan mai muke biyan kuɗinta har yau.

In kuna son ganin darajar zaɓen fid da gwani a ƙasar nan, ku leƙa nan maƙwabta. Bashir Machina ya ci zaɓen fid da gwani na Yobe ta Arewa a watan Mayun 2022, lokacin da Ahmad Lawan ke neman shugaban ƙasa. Babbar kotun tarayya ta ba shi, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi. Jam'iyyarsa da kanta ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ranar 6 ga Fabrairu, 2023 alƙalai uku cikin biyar suka ba Lawan. Hukuncin kotu ya zauna, ba ni da ta cewa. Amma mu da muke cin kasuwa ɗaya da mutanen Machina da Nguru mun ji abin da suka ji. Jam'iyyar da ta saba da irin wannan, dole ta ga mai magana a matsayin annoba.

Sai kuma Yulin 2024. Ndume ya yi hira da BBC Hausa ya ce yunwa ta yi yawa, kuma an toshe ƙofar shugaban ƙasa, har wasu ministoci ba sa samun ganinsa. Me aka yi? Uwar jam'iyya ta rubuta wa Majalisa takarda, ranar 17 ga Yuli aka cire shi daga Bulaliyar Majalisa aka ba Sanata Tahir Monguno, har ana ba shi shawarar ya koma duk jam'iyyar adawar da yake so. Kwana goma sha biyar bayan nan, ranar 1 ga Agusta, zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke. Mun ga abin da ya faru a Kano, mun ga na Dutse da Haɗejia, har sai da aka sa dokar hana fita a jihar nan. An yi asarar rayuka da dukiya. To wa ya fi ƙaunar shugaban ƙasa: wanda ya ce masa gobara na tafe, ko waɗanda suka ce ƙamshin turare ne? Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Yanzu maganar tsaro, wadda ita ce ta sa wasu ke kiransa mai zafin kai. E, Ndume mai ra'ayin a murƙushe da ƙarfi ne. Ya shugabanci kwamitin sojan ƙasa na Majalisar Dattawa, kullum kukansa a ƙara sojoji, a ba su makamai, a ba su horo, a biya su haƙƙinsu. Ya yi adawa da ƙudirin kafa hukumar kula da tubabbun 'yan Boko Haram da aka kawo a 2020. Ya sha kiran a ɗauko sojojin haya. Kafin ka ce ya cika zafi, ka tuna garinsu. Gwoza ce Shekau ya ayyana a matsayin hedikwatar daularsa a Agustan 2014. An kashe Sarkin Gwoza a hanya a watan Mayun shekarar. Ranar 29 ga Yuni, 2024 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a wurin biki da wurin jana'iza a garin. Har yau akwai mutanensa da ke gudun hijira a Kamaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka, ba duk abin da ya faɗa nake bi ba. Maganar sojojin haya ban gamsu da ita ba. Gaskiya ne a farkon 2015 gwamnatin Jonathan ta kawo wasu daga Afirka ta Kudu, kuma an ƙwato garuruwa, har da Gwoza ranar 27 ga Maris. Amma da kwangila ta ƙare suka tattara suka tafi, yaƙi kuma yana nan shekara goma bayan haka. Mali ta kawo Wagner tun ƙarshen 2021. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris 2022, galibinsu fararen hula. A farkon Yunin 2025 Wagner ta ce ta kammala aiki ta fice, alhali masu iƙirarin jihadi sun fi da ƙarfi. Wanda ake biya don yaƙi, ƙarewar yaƙi ba ribarsa ba ce. Haka maganar tubabbu: ina tare da shi cewa zalunci ne a koya wa wanda ya yi kisa sana'a a ba shi jari, marayun da ya bari suna bara a tasha. Amma rufe ƙofa gaba ɗaya ma kuskure ne, domin akwai yara da manoma da aka tilasta musu, kuma dubban da suka miƙa wuya bayan mutuwar Shekau a 2021 da ba su ga ƙofa ba da suna daji har yanzu.

Kun gani? Na saɓa masa a abu biyu, kuma ban kira shi maci amana ba. Wannan ita ce muhawarar da ya kamata a yi a cikin jam'iyya mai mulki kafin ta ba kowa tuta: masu cewa ƙarfi, masu cewa sulhu, masu cewa a haɗa, kowa ya kawo hujja, ɗan takara ya faɗi inda ya tsaya. A maimakon haka sai aka yi tafi. A watan Afrilun 2025 Gwamna Zulum, ɗan APC, ya fito ya ce Borno na neman suɓucewa. A watan Maris Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Ranar 12 ga Mayu aka afka wa sansanin soja a Marte. Kwana goma bayan nan aka yi bikin tazarce. Mako guda bayan bikin ruwa ya ci Mokwa, sama da mutum 150. A watan Yunin 2025 aka yi kisan Yelwata a Binuwai. Wata Lahadi cikin wannan Yunin kuma a Gombe, taron APC na Arewa maso Gabas ya watse da jifa da kujeru saboda an ambaci Tinubu ba a ambaci Kashim Shettima ba. To ga shi nan: rigimar da aka hana ta fita ta ƙofa, ta taga take fitowa.

Kada wani ɗan Jigawa ya ce ina ruwanmu, mu muna zaune lafiya. Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara mana. Amma daga nan zuwa Nguru tafiyar nawa ce? Daga Nguru zuwa Gashuwa, daga Gashuwa zuwa Gaidam? A Afrilun 2021 'yan bindiga sun shiga Gaidam suka kwana suna cin karensu babu babbaka, dubban mutane suka gudu. Ga iyakar Nijar a saman kanmu. Ga rikicin manoma da makiyaya da ke tashi kusan kowace kaka a Guri da Kirikasamma da ɓangarenmu, yanzu har da makaman da iyayenmu ba su sani ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma a Yunin 2025 Ministan Tsaro namu ne, tsohon gwamnanmu. Wannan ba dalilin yin shiru ba ne, dalilin ƙarin magana ne. In aka yi nasara sunan Jigawa ne, in aka gaza ma sunan Jigawa ne. Ƙaunar da za mu nuna masa ita ce mu bar masu faɗa masa gaskiya su faɗa.

Ba waliyyi nake sayar muku ba. Ndume ɗan siyasa ne, ya yi ANPP, ya yi PDP, ya dawo APC. Shi ne ya tsaya wa Abdulrasheed Maina beli, mutumin da kotu ta ɗaure kan kuɗin 'yan fansho, har ya kwana a Kuje a Nuwamban 2020 da Maina ya tsere. Mu ma'aikata da muke hangen fansho a gaba, wannan ba abin da za mu manta ba ne. Bayan an cire shi a 2024 ma ya je ofishin jam'iyya ya ba da haƙuri kan rashin tuntuɓarsu tukuna, ko da yake bai janye abin da ya faɗa ba. Kuma mun ga irinsa a wani wuri. A Amurka akwai Sanata Lindsey Graham, shi ma mai son a yi amfani da ƙarfin soja ne. Lokacin fid da gwani na 2016 babu irin sukar da bai yi wa Trump da jam'iyyarsu ta Republican ba. Da Trump ya ci, sai ga shi ya zama na hannun dama. Don haka ba zan rantse muku cewa gobe ba za ku ga Ndume a kan mumbarin kamfen yana ɗaga hannun wanda yake suka yau ba. In ya yi haka, a shafin nan zan faɗa. Amma ko ya canza, farashin buhun gero bai canza ba, Marte ba ta canza ba, alƙaluman 2015 ba su canza ba. Gaskiya ba ta tsufa don mai faɗarta ya gaji.

Abin da ya kamata ya dame mu ba yawan surutun sanatan Borno ba ne. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne: cikin sanatoci 109, me ya sa mai irin wannan magana a jam'iyya mai mulki bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba? An dakatar da shi wata shida a 2017, kotu ta ce dakatarwar haramtacciya ce. An cire shi daga shugaban masu rinjaye, an cire shi daga bulaliya. Duk da haka mutanensa sun mayar da shi Majalisar Dattawa sau huɗu. Sauran sun ga abin da aka yi masa sun koyi darasin shiru, ba su koyi darasin cewa jama'a na riƙe wanda ya riƙe su ba.

Mu a masarautar Haɗejia muna da namu Gwozan, ko da ba na bindiga ba ne. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake noma ya zama tafki, inda ake kamun kifi ya bushe. Duk shekarar da aka sako ruwan Tiga da Challawa a kan ruwan sama, mutanen Auyo da Haɗejia da Kirikasamma da Guri ba sa barci. A 2022 mun ga yadda aka kwana ana tare ruwa da buhunan ƙasa, jihar nan ta rasa mutum fiye da ɗari. Mu nan tudu kuma rairayi ne ke cin gona, ga tsadar taki, ga mai riɗi da kankana yana sayarwa da arha saboda kuɗin mota ya cinye riba. Layin dogon da ya ratsa garin nan zuwa Nguru, yaran yanzu sun fi saninsa a matsayin wurin shanya. Damina ta kama. Ina so in ji wakilanmu, na dattawa da na wakilai, suna ɗaga murya a kan waɗannan har ta kai ga an ji haushinsu a Abuja. Ban kira sunan kowa ba, kuma ban ce ba sa komai ba. Cewa na yi ina son wakilin da zai yarda ya rasa kujerar kwamiti saboda ni. Rabon babura da atamfa ba wakilci ba ne.

Ga masu jam'iyya kuma, ga lissafi kyauta. A 2023 Tinubu ya ci Jigawa da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 35 ba a kan Atiku, alhali gwamna nasu ne, kuma a lokacin lita ba ta kai naira 200 ba. A ƙasa baki ɗaya kashi 37 cikin ɗari bai cika ba. Wanda ya ci da irin wannan tazara, mai faɗa masa inda ke yoyo yake buƙata, ba mai kiɗa ba. Gwamnoni da sanatoci na ta sauya sheƙa suna shigowa, gaskiya ne. Amma gwamna ƙuri'a ɗaya gare shi, daidai da ta mai tallar ƙosai a bakin tasha.

Ƙannena sojojin baka, ku nake ji wa. Da yawanku kun gama digiri ko NCE, babu aiki, ana ba ku kuɗin data ku zagi wanda ya ce a ba ku aiki. Wallahi ba na raina ku, na san halin da ake ciki. Amma ka tambayi kanka: ranar da aka cire Ndume, an rage maka kuɗin mota zuwa Haɗejia? Ranar da gwamnoni suka yi mubaya'a, mudun shinkafa ya sauko? Ka kare ubangidanka da ayyukansa in yana da su. Zagin mai gargaɗi ba ya ƙara masa ƙuri'a ko ɗaya.

Abin da nake nema bai fi uku ba. Na ɗaya, kowace jam'iyya, APC da PDP da NNPP da masu haɗaka, ta buɗe fom ga duk mai so, ta yi zaɓen fid da gwani na gaskiya, in da hali 'yar tinƙe, a mazaɓa, a idon jama'a. In shugaban ƙasa ya yi aikin da ake faɗa, me zai ji tsoro? Na biyu, a daina hukunta ɗan majalisa don ya faɗi halin da mazaɓarsa ke ciki, domin aikin da muka tura shi ke nan. Na uku, mu talakawa, duk wanda ya zo neman ƙuri'a mu tambaye shi: yaushe ka taɓa saɓa wa jam'iyyarka saboda mu? In ya ce bai taɓa ba, to mun san wa yake wakilta.

Wanda yake da hujja ya kawo, zan karanta, zan amsa. Wanda ya zo da zagi kuma na yafe masa tun yanzu, amma zan goge.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya, Ya zaunar da Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Binuwai da ƙasa baki ɗaya lafiya. Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta masu faɗa musu gaskiya, Ya ba su kunnen ji. Amin.